Launin da ke Bayan Kunnen Yaya

Yayata tana da shagon kitso da lalle a Kubwa, a wani layi da ke bayan kasuwa, tsakanin wani Bakatsine mai sayar da atamfa da wata mata mai kantin magani. A gidanta na zauna shekarun farko da na samu aiki a cikin gari. Da sassafe nake bin motar haya zuwa ofis, in dawo da yamma ƙafafuna a kumbure saboda cunkoson hanya, in zarce shagon in miƙe a kan benci ina kallon mata suna shigowa da kai a tsefe, suna fita suna leƙen kansu a gilashin motocin mutane. Hannun Yaya yana da albarka. Ko gashin mace bai kai a kama ba, sai ta san dabarar da ta yi ta fitar da shuku a kansa.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, amma ni fara ce, ita baƙa. Ni na ɗauko dangin Baba, ita ta ɗauko Inna. Tun muna yara a Zariya, in baƙi suka zo gidanmu sai su tambayi ina farar nan take, su ɗaga ni su juya ni, sannan su waiwayo su ce ai ita kuma babbar akwai hankali. Duk macen da ta tashi a cikinmu ta san abin da ake nufi in an yabi hankalin yarinya bayan an gama yabon kyan ƙanwarta. Abin yana ba ni haushi har yau, don Yaya kyakkyawa ce ta gaske. Baƙinta mai sheƙi ne, ga dogon wuya, ga wushirya, in ta yi dariya sai ka ji kai ma kana so ka yi ko ba ka san abin da aka faɗa ba. Mutane ne kawai ba su da ido.

Inna ta rasu kafin Yaya ta yi aure ta dawo Abuja. Inna ba ta son kyamara, in ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Hoto guda ta bar mana, na jikin wani tsohon kati, wanda hasken kyamara ya wanke mata fuska har ba a ganin komai sai ido biyu da ɗankwali. Shekaru na tafiya, na fara lura in na rufe ido ina neman fuskar Inna, muryarta ce ke zuwa, fuskar ba ta zuwa. Ban taɓa gaya wa Yaya ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini ba.

A Kubwa Yaya ta fara shafa man haɗi, irin wanda ake cakuɗa mayuka da sinadarai a zuba a farar roba don ya sa fata ta yi haske. Wata kwastomarta ce ta soma kawo mata, bayan ta gaya mata cewa mai sayar da kwalliya dole a fara ganin kayan a fuskarta. Yaya ba ta yarda a ce bilicin take yi. In na yi magana sai ta ce ita kalarta take fitowa da ita, wahalar Zariya ce ta ɓoye ta. Mijinta, mai sayar da kayan mota a Zuba, mutumin kirki ne, amma bai taɓa ce mata ta yi ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce mata ta bari ba. Ni a wurina wannan shirun ma laifi ne, kuma na gaya masa.

Fuskar kam ta yi haske, amma ba irin hasken da take nema ba. Goshinta ya koma rawaya, kumatunta suka yi ja kamar ta tsaya a bakin murhu, ƙarƙashin idonta ya ƙone. Gaɓoɓin yatsunta suka ƙi bin sauran jikin, suka tsaya baƙi ƙirin. Da yake sana'arta ce, sai ta riƙa zana wa kanta lalle mai cika a kan gaɓoɓin, kwastomomi suna yabawa suna cewa a yi musu irinsa, ba su san rufa-rufa ba ce. Akwai lokacin da ƙofar shago ta karce ta a ƙauri, ɗan ciwon da yaro ma ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa har damina ta wuce. Mai kantin magani ta duba ta gaya mata gaskiya, cewa fatar ta yi laushi, in ba ta daina ba wata rana ko ɗinki aka yi mata ba zai kama ba. Ran nan na buɗe wa Yaya wuta, na faɗi duk abin da ke bakina. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Ke da aka haife ki da shi, me kika sani?” Na ɗauki jakata na fita.

Ana nan sai wata iskar ruwan sama ta fizge allon shagon ta jefa shi a kwata. Dama wata baƙuwar fuska ce a jiki, irin waɗanda ake cirowa a intanet a buga a leda, fara sol da gashi har gadon baya. Yaya ta ce wannan karon fuskarta take so a sa, ai ita ma yanzu ta kai. Mai kantin magani ta ce akwai wata mata a cocinsu da ke zane da hannu, tana koyar da yara zane a wata firamare, ranar Asabar kuma tana aikinta a gida a Tungan Maje. Ta ce in ta zana mutum, har ka so ka gaishe shi. Yaya ta ce in raka ta, na ce to, don ina so mu shirya.

Muka bi ta Zuba muka sauka a bakin titi, muka taka zuwa wani gida mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Matar ta fito tana goge hannu a jikin tsohuwar rigar namiji da fenti ya gama da ita. Gajera ce, kakkaura, kanta a aske, ba ɗan kunne ba hoda. 'Yar Gbagyi ce daga wajen Sheda, Hausarta irin ta Abuja, wadda mace da namiji duk “kai” ne. Ta kira Yaya Hajiya, mu kuma muka kira ta Madam.

Wurin aikinta rumfar kwano ce a bayan gidan, cike da zane-zane, kuma kusan duk mata ne. Ga mai tallar doya da damtse kamar na maƙeri, ga wata mai ciki tana dariya da giɓi a baki, ga wata tsohuwa ɗauke da itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, don su ba sa ɗora kaya a ka. Kafaɗar tsohuwar ɗaya ta sauka ƙasa da ɗayar, fatar wurin ta yi kanta. Madam ta ce mamanta ce, kuma wannan kafaɗar ce ta kai ta makaranta, shi ya sa ta fi ɓata lokaci a kanta fiye da fuskar. Na daɗe a tsaye a gaban zanen. Ban taɓa ganin an zauna an yi wa irin wannan kafaɗa hidima haka ba, har da hasken rana a kan kantar. Yaya ta matso ta raɗa mini cewa matar ta iya, amma duk ba ta zana kyawawa ba, Allah ya sa ba mu yi asarar kuɗin mota ba.

Ta ciro waya ta nuna hoton da take so a kwafa, wanda aka ɗauke ta a wani biki aka gyara shi a waya har hancin ma ya canja. Madam ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, “Wannan ƙanwarka ne?”

Ba da gatse ta faɗa ba, iyakar gaskiyarta ke nan, shi ya sa maganar ta yi zafi. Yaya ta ce a'a, ita ce da kanta. Madam ta mayar mata da wayar ta ce ita dai ba ta aiki da hoto, sai mutum ya zauna ta gan shi da idonta. Ta jawo kujerar roba ta ajiye a bakin rumfar inda haske yake, ta ce Hajiya ya zauna.

A nan na ga yadda take aiki. Ba ta ɗaukar launin fatar mutum da ka. Sai ta haɗa fenti a kan wani fasasshen faranti, ta ɗiga kaɗan a jikin mutumin, ta ja baya ta duba. In ɗigon ya fito, ta goge ta sake haɗawa. Sai ɗigon ya ɓace a jikin fatar, ba a gane inda fenti ya tsaya inda mutum ya fara, sannan ta yarda ta samu. Ta fara da goshin Yaya, ta samu, ta shafa launin a gefen wani katako. Ta koma kumatu, launin goshi ya ƙi zama, ta haɗa wani mai ja ta shafa kusa da na farko. Wuya ya ba da nasa daban, bayan hannu daban, gaɓoɓin yatsu daban. Tana yi tana jera su a katakon, Yaya kuwa tana kallon layin yana tsawo. Na ga ta fara jan bakin mayafinta tana rufe hannuwanta.

Can Madam ta zagaya bayan kujerar ta ce Hajiya ya ɗan ɗaga ɗankwali. Ta lanƙwasa kunnen Yaya da ɗan yatsa ta leƙa. A bayan kunnen, daf da inda gashi ya fara, akwai ɗan wurin da hannu ba ya kaiwa in ana shafa mai. Ta tsaya tana kallo, sai na ji ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ta koma kan farantinta. Na zaci baƙin fenti za ta matso kawai, sai na ga ta fara da ruwan ƙasa, ta ƙara ja, ta ƙara shuɗi, ta ɗan taɓa wani kamar jar kanwa. Ta ɗiga, ta goge, ta sake, ta fi daɗewa a kansa fiye da duk sauran a haɗe. Da ɗigon ya ɓace a bayan kunnen, ta shafa shi a ƙarshen layin, ta juyo da katakon gaban Yaya.

“Hajiya, kala a jikinka ya yi yawa,” in ji ta. “Wanne zan sa maka a allo?”

Yaya ta ɗora yatsa a kan na goshi, mafi haske. Madam ta gyaɗa kai ta ce ba matsala, allon na mai shago ne. Ba ta yi mata wa'azi ba, ko kallon banza ba ta yi mata ba, kuma wannan ya burge ni, don ni da ke da'awar son Yaya na kasa yin hakan. Sai dai ta roƙi alfarma. Ta nuna launin ƙarshe ta ce tun da take zane ba ta cika samun irinsa ba, yawancin masu shi sun goge shi kafin su iso wurinta. Tana so a bar ta ta yi wani ɗan ƙaramin zane da shi, nata na kanta, ta ajiye a rumfa. Yaya ta ɗaga kafaɗa ta ce ta yi abin da ta ga dama, in dai ba za ta rataye mata shi a ƙofar shago ba.

Mun yi ta komawa ranakun Asabar. Yaya takan zauna ta ɗaure fuska irin ta masu ɗaukar hoton fasfo, Madam kuma ta yi ta janta da hira har ta manta. Ta tambaye ta yadda ake kwaɓa lalle ya yi ja, ta ba ta labarin ɗalibanta da ke zana mata kai kamar kabewa. In Yaya ta tuntsire da dariya, sai in ga hannun Madam ya bar babban allon ya koma kan ƙaramin katakon da ta jingine a gefe, tana sauri kafin dariyar ta wuce. Ba ta bari a leƙa aikinta kafin ta gama. Ni da son gulma na gwada zagayawa, ta nuna ni da buroshi ta ce in koma in zauna.

Ranar da aka gama, ta fara fito da babban allon. Ya yi kyau, ba ƙarya. Mace ce fara mai shuku, da sunan shago a sama da zanen lalle a gefe. Kamannin Yaya suna nan in ka nema, amma da za a ce maka wata ce daga cikin matan da ke jikin kwalin sabulu, ba za ka musa ba. Yaya ta yi murmushi ta ce madalla, ta yi godiya. Har mun fara neman igiyar da za mu ɗaure shi, sai ta ce, kamar ba ta damu ba, wai ina ɗayan, bari ta ga abin dariya.

Madam ta ɗauko shi ta jingine a kan kujerar robar. Bai fi faifai girma ba. Mace ce baƙa, baƙin nan mai sheƙi, ta ɗan karkatar da kai tana dariya, wushiryarta a waje, haske ya sauka a goshinta da gefen dogon wuyanta. Yaya ta tsaya cak, igiyar na hannunta.

“Inna,” ta ce, a hankali.

Ita ce kuwa. Haka take karkatar da kai in Baba ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba amma ya ba ta dariya. Fuskar da na yi shekaru ina nema in na rufe ido, ga ta a kan kujerar roba a Tungan Maje, kuma wadda ta zana ta ba ta taɓa ganin Inna ba, ba ta ma san ta rasu ba. Yaya kawai Madam ta kalla, ta mayar mata da launinta. Yaya ta zauna a ƙasa da sabon leshinta ta rufe fuska, ni ma na kasa riƙe nawa. Madam ta rikice, ta zaci wani laifi ta yi, tana ta cewa Hajiya ya yi haƙuri, in bai yi ba za ta goge. Da na samu bakin yi mata bayani, sai ta je ta nemo tsohuwar jarida ta naɗe zanen da kyau, ta ɗora wa Yaya a cinya. Ta ce ai wannan ba nata ba ne kuma.

Babban allon aka rataye a ƙofar shago, yana nan har yau, kuma yana kawo kwastomomi. Ƙaramin yana ɗakin Yaya. Bakatsine mai atamfa da ya ji labari ya ce hoto a ɗaki ba kyau, Yaya ta ce ta ji. In za ta yi salla sai ta lulluɓe shi da wani tsohon mayafin Inna, in ta sallame ta yaye.

Ba ranar ta daina shafa man ba. Na ci gaba da ganin farar robar a gaban madubi, na kuma kama bakina, don na koyi wani abu a wurin Madam. Sai wata safiya ina neman fil ɗin ɗankwali na buɗe robar, na tarar an wanke ta tas an zuba filoli da 'yan kunne a ciki. Na ɗauki ɗaya na rufe.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Fatar da aka daɗe ana dannewa ta yi bore. Ƙuraje suka feso mata, fuskar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri ja. Kwastomomi suka riƙa tambaya ko ba ta da lafiya, wata ma ta ce mata a gaban mutane ta lalace. Matar nan da ta soma kawo mata man ta sake zuwa da sabon haɗi, ta ajiye a kan tebur ta ce wannan ya fi na da. Ina kan benci ina kallo. Yaya ta ci gaba da kitson da take yi, ta ce da ita ta mayar jaka kar yara su zubar. Ban taɓa jin ina alfahari da mutum kamar ranar ba. Mace ce da sana'arta take a fuskarta, ta fito kullum da wannan fuskar ta zauna ƙarƙashin allon farar mace tana gaisawa da jama'a.

Ba duka ya dawo ba. Ƙunar ƙarƙashin ido tana nan, kumatun ma ba su koma daidai ba. Amma wuyan ya dawo, goshin ya fara sheƙi, hannuwan suka tarar da gaɓoɓinsu, har ta daina cika musu lalle. Wata Asabar da hantsi na shiga ɗakinta in ari dutsen guga, na same ta tsaye a gaban zanen. Ta ɗaga bayan hannunta ta kara a gefen kumatun Inna, ta ja kai baya tana dubawa, daidai yadda Madam ke yi da ɗigon fenti. Da ta ji motsina ba ta sauke hannun ba.

“Ke, zo ki duba mini,” ta ce. “Na kusa?”

Na matso na duba da kyau, don na san ba za ta karɓi daɗin baki ba. Na ce saura kaɗan. Ta gyaɗa kai, ta gyara wa zanen zama a kan ƙusa, ta ce in na gama guga in cire wayar dutsen daga soket.